Gizagon Kakanku da Ƙofar Magajin Gari

Na ji abin da ake faɗa muku, don kunnena bai mutu ba tukuna. An ce wai na kwashe kayan aikin mahaifinku na kai wa Turawa sun ajiye a cocinsu. Wata ma a wajen biki a unguwar Aziziyya ta ƙara gishiri, ta ce sayarwa na yi. To, tunda yanzu ƙafa ta yi nauyi, zama ya yi yawa, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, ku da 'ya'yanku masu jin Larabci fiye da Hausa. Wanda bai gane ba, a fassara masa. Abu ɗaya na ɗauka daga akwatin kayan aikin nan, gizago, kuma da hannuna na kai shi.

Gizagon na kakanku ne, mahaifin mahaifinku. Da shi ya baro Kano a ƙafa, yana tsayawa gari-gari yana sassaƙa turmi da ƙyaure don ya sami guzurin gaba, har Allah ya kawo shi Makka. A nan ya koyi aikin roshan, tagogin katakon nan da ke turowa waje daga bangon gida, masu ƙananan ramuka, iska ta shigo, mace ta ga titi, titi bai gan ta ba. 'Ya'yansa maza biyu ne. Babban, Yaya Sani, ya kama kasuwancin tasbaha da sallaya, ƙaramin kuma, mahaifinku, ya kama gizago. Shekarar da aka kawo ni gidanmu na unguwar Jarwal, shi ya yi wa ɗakina roshan da hannunsa, ya ce wai don kada in riƙa leƙe ta ƙofa kamar baƙauyiya. Ni da aka haifa a Makka! A gindin tagar nan na goya ku duka. Ranar da rusau ya zo layinmu, muna tsaye da kayanmu a mota za mu koma Rusaifa, na ga katafila ta daki bangon, tagata ta faɗo cikin ƙura. Muna isa sabon gida mahaifinku ya shafe kayan aikinsa da mai, ya rufe su a akwati, ya tura ƙarƙashin gado, kuma bai sake buɗewa ba har ya koma ga Allah.

Bashir, autana, shi ne ya taso cikin ɓawon katako. Tun bai kai ba ubansa ke ɗora hannunsa a kan ƙotar gizagon. Da ya sami tafiya Ingila karatun gini, mun ɗauka zai dawo ya riƙa tada dogayen benaye irin waɗanda suka kewaye Harami. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaro ya je can ya liƙe wa wani tsohon kafinta mai gyaran tsofaffin gine-gine, shi ke nan.

Tun rasuwar mahaifinku, kowace Juma'a Yaya Sani daga masallaci gidana yake wucewa. Ya zauna a bakin sufra, shimfiɗar cin abinci, inda ƙaninsa ke zama, ya ci shinkafa, ya tsawata wa wanda ya kamata, ya sa albarka. Shi ne ubanku a lokacin, kuma ya yi uban. A irin wannan zama ne, ana cikin shan shayi, wayata ta yi ƙara, sai ga fuskar Bashir, hancinsa ja wur don sanyi.

"Ummi, albishirinki!"

"Goro fari, ɗan nan. Mata ka samo?"

"La, la, wallahi ya fi mata. Mu'allim ɗina ya ba ni bab, ni kaɗai zan gyara."

"Ƙofa ake cewa, Bashir. Kada ka ba ni kunya a gaban baffanka."

Ya yi dariya, ya shiga zuba, rabi Hausa rabi Larabci. Ƙofa ce mai ɗaruruwan shekaru, tsawonta ya kai mutum biyu, gindinta ya ruɓe saboda ruwan sama. Waɗanda suka yi ta da gizago suka fere katakon, sawun na nan har yau, don haka sabon katakon ma da gizago za a fere shi, ba da inji ba. Akwai gizago a shagonsu, amma hannunsa ya ƙi sabawa da shi. Na Baba yake so. Ni kuwa zuciyata har ta fara rawa. Sai Yaya Sani ya ajiye kofinsa.

"Ƙofar mene ce, ya waladi?"

"Ta kanisa ce, Ammi. Babbar cocin garin."

Yaya bai ɗaga murya ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya juyo ya dube ni.

"Umm Bashir, gizagon nan ya sassaƙa tagogin da ke kallon Harami. Ubana ya ɗauko shi a kafaɗa don ya zo ɗakin Allah. Ba zai taɓa ƙofar kanisa da yardata ba. In ya fita daga gidan nan, ni ma na tashi daga sufrar nan."

Ni ba malama ba ce, kuma ban rubuta wannan don in ce Yaya ya yi kuskure ba. Tsoron Allah ne ya sa shi magana, ni ma maganar ta dame ni. Kwana da kwanaki ina juyi. A ƙarshe na durƙusa na jawo akwatin, na buɗe. Ƙamshin mahaifinku ya buge ni, man nan da ƙurar katako. Na zaro gizagon daga tsummansa, sai na ga tsatsa ta fara cin bakinsa, ja-ja kamar an yayyafa barkono. A nan na yanke shawara. Tagata ta tafi, mai tagar ya tafi, yanzu kuma ga abin da ya rage yana mutuwa a ƙarƙashin gadona, alhali akwai hannu guda a duniya da ke roƙonsa. Ban yi abin a ɓoye ba. Na sa abaya na tafi shagon Yaya a Aziziyya, na jira har alhazan da ke cinikin tasbaha suka watse.

"Yaya, zan kai masa. Amma da kaina zan je, in gani da idona. In na tarar da abin da ya taɓa addinin yaron nan, zan dawo da gizago a hannun dama, kunnen Bashir a hannun hagu."

"Halas, kin gama magana," ya ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Ya ci gaba da jera tasbahohinsa, bai sake ɗagowa ba.

Duk da nauyin da ke zuciyata, ba zan ɓoye muku ba, ɗoki ya kama ni kamar yarinyar da za a kai kasuwa. Ni da ban taɓa wuce Madina ba! Babbar yayarku ce ta raka ni. Na cika akwati da dabino da gahawa da turare, na kwantar da gizagon a tsakiyar zannuwana. A filin jirgin Jidda aka kira ni gefe, wani matashi mai kaki ya buɗe akwatin, ya ɗago gizagon da yatsa biyu, ya dube shi, ya dube ni.

"Ya Hajja, wa za ki sara a Ingila?"

"Katako, ɗana. In ka ci gaba da yamutsa mini kaya kuwa, ban sani ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya mayar, ya ce in dai a cikin kayan da ake sa wa a ƙarƙashin jirgi zai tafi, ba matsala.

Garin, kada ku tambaye ni sunansa, harshena bai taɓa faɗinsa daidai ba, Bashir ya gaji da gyara mini. Ƙaramin gari ne a bakin kogi, ko'ina kore shar, sama kuwa kullum kamar za ta yi kuka. Tun daga cikin jirgin ƙasa na hango hasumiyar, ta dutse, mai kusurwa huɗu, ta fi komai tsawo a garin. Cocin tana tsakiyar kasuwa, mai kifi a nan, mai furanni a can. Bashir ya ce coci ba ɗaya ba ce a garin, amma wannan ita ce ta gari, ta hukuma. In an naɗa sabon magajin gari nan ake kawo shi, in babban rashi ya sami garin nan ake taruwa. Ya ce mu shiga ta ƙaramar ƙofar gefe, da rana tsaka, lokacin da ba a ibada, mutane sai shiga suke suna kallo.

Ina isa bakin ƙofa na tuɓe takalmana na jera su a gefe, yadda duk ɗan mutunci ke yi in zai shiga wurin ibadar mutane. Na taka dutsen nan da safa. Wayyo! Sanyi ya harbe ni tun daga tafin ƙafa har tsakar ka. Wata tsohuwar Baturiya mai tarin makullai a ƙugu, ita ke kula da wurin, ta taho da sauri ɗauke da takalman tana magana. Bashir ya ce cewa take in mayar, a nan da takalmi ake shiga. Na mayar, na yi taku kaɗan, sai na lura duk duwatsun ƙasan rubutu ne a kansu.

"Wannan fa, Bashir?"

"Kaburbura ne, Ummi. Manyan garin na dā."

"Inna lillahi! A kan mutane muke tafiya?"

Daga nan fa ban sake taka dutse mai rubutu ba. Na tattare abaya ina tsallake-tsallake kamar mai ƙetare kwata, yayarku ta toshe baki tana dariya, tsohuwar kuma ta kama hannuna tana nuna mini inda babu kowa a ƙasa. Haka muka zama ƙawaye, ba ta jin nawa, ba na jin nata, Bashir ne tafinta.

Ta zaga da ni ko'ina. Ta ce fataken ulu ne suka gina wurin lokacin da garin ke tashen arziki, kowane zamani kuma ya zo ya ƙara nasa, shi ya sa bangon wannan gefen bai yi kama da na wancan ba. Ta nuna mini wani ginshiƙi da dutsensa ya yi ja-ja, ta ce gobara ce ta taɓa cin rufin, suka sake wani, suka bar tabon. Ta nuna mini wasu siffofi a jikin bango da aka farfasa wa fuska. Na ɗauka maƙiya ne suka shigo, ashe su da kansu ne, a wani zamani da suka yi rigimar addini a tsakaninsu. Na ce ashe kowa da irin tasa. Da rana ta ɗan leƙo, tagogin gilashin suka zubo da launi a ƙasa, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, har a kan hannuna. Sai bencin magajin gari, can gaba, mai jan kilishi da tambarin garin a sassaƙe, a gefensa wani ƙarfe mai lanƙwasa-lanƙwasa inda ake jingine sandar girma ta azurfa. A bango kuma manyan alluna ɗauke da sunayen duk wanda ya taɓa riƙe garin, na saman har sun dushe. Can cikin hasumiya igiyoyi ne ke lilo, ta ce mutane ne ke jan su da hannu in za a kaɗa ƙararrawa. Ni dai baki buɗe, sai masha Allah nake yi wa rufin katakon da ya yi kama da cikin jirgin ruwa a kife.

Amma abin da ya tsaya mini a rai babbar ƙofar ce. Ba a buɗe ta sai ranar da magajin gari zai shigo da tawagarsa, sau ɗaya a shekara, ko in wani babban sha'ani ya taso. An cire ƙyaure guda an kwantar da shi a kan jakunan katako irin na kafintoci a wata rumfa ta bayan cocin. Baƙi ƙirin ne, da manyan ƙusoshi kamar kan tasbaha. Bashir ya kama yatsana yana bi da shi a jikin katakon. Nan wani ya yi faci tun zamanin da ba wanda ya tuna, nan wani ya ƙara nasa, kowane faci launinsa daban. Na ce me ya hana su yi sabuwa su huta? Ya tambayi maigidan nasa, wani dogon tsoho mai ƙarancin magana. Tsohon ya ce su abin da ya mutu kaɗai suke cirewa, abin da ke da rai a bar shi, kuma ba sa ɓoye gyara, don na baya ya san inda aka tsaya. Tagata ta Jarwal na tuna, wadda ko ƙusa ɗaya ba ta saki ba ranar da aka ture ta.

Na kwance zanen, na miƙa wa Bashir gizagon. Ya karɓa da hannu biyu, ya sumbaci ƙotar, ya sumbaci goshina. Ya wasa bakin har tsatsar ta fita, ya tsaya a kan sabon katakon ƙafa a ware, ya ce bismillah, ya sara. Taf, taf, taf. 'Ya'yana, sautin nan ne ke tashina kowace safiya a Jarwal. Har ɗan karkatar da kai da mahaifinku ke yi, yaron bai bari ba. Na zauna a kan wani kututture na yi kuka mai isata, na farin ciki, sannan na share ido na dafa wa ma'aikatan gahawa, na raba dabino. Azahar na yi, na ga Bashir ya ajiye gizago, ya ɗauko sallaya daga bayan katakai, ma'aikatan suka kashe injinsu ba tare da kowa ya ce musu ba. Kunnensa ya tsira daga hannuna.

Muka zauna har ranar magajin gari. Ni ban shiga ibadarsu ba, a titi na tsaya cikin jama'a, daidai gaban ƙofar, Bashir a gefena yana gumi cikin wannan sanyin don tsoron kada ƙyauren ya cije. Ƙararrawa suka ɓarke gaba ɗaya, har a ƙirji nake jinsu. Ga masu busa, ga wani mutum a gaba ɗauke da sandar azurfa a kafaɗa, ga magajin garin. Ashe mace ce, 'yar gajera, cikin jar alkyabba da sarƙar zinariya har ciki! Suka iso matakala suka tsaya. Sai ƙyamaren nan biyu suka buɗe a hankali, sumul, ko ƙara babu, gindin na dama fari tas, aikin ɗana, da sawun gizagon kakanku a jiki. Ban san lokacin da na kama hanci na rangaɗa guɗa ba. Irin ta ranar ɗaurin aure, doguwa, mai amo. Mai sandar azurfa ya zabura har ta kusa suɓuce masa, tawagar duka ta waiwayo, yayarku ta nemi ƙasa ta tsage ta shige.

"Ummi, haram alaiki, za su kira 'yan sanda!" in ji Bashir.

"Su kira. Ɗana ne ya yi ƙofar."

Ƙawata mai makullai ta raɗa wa magajiyar garin wani abu a kunne. Matar ta dubo ni, ta sa hannu a ƙirji, ta ɗan rusuna, sannan ta shige. Na ƙara wata guɗar, 'yar ƙarama, don kada ta farkon ta yi maraici.

Yanzu ga farashin abin. Juma'ar farko bayan na dawo, na dafa shinkafa kamar kullum, na shimfiɗa sufra, na ajiye matashin da Yaya ke jingina da shi a wurinsa. Har la'asar bai zo ba. Na kai masa tsaraba, ya karɓa, ya yi godiya, ya tambayi lafiyar yaron, bai tambayi ƙofa ba. Bai yanke zumunci ba, kada wani ya ce muku ya yanke. Da Idi yana zuwa ya tsaya a bakin ƙofa mu gaisa, shi ya ɗaura auren biyu daga cikinku. Amma ya faɗi magana, kuma shi mutum ne da ba ya haɗiye maganarsa. Bai sake cin abinci a gidana ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau yana yi.

Da Bashir ya zo hutu shekarar da ta biyo, da gizagon a jakarsa, wata safiya sai ga ƙaramar motar kaya a ƙofar gida. Direban ya sauke wani abu naɗe da tsohuwar darduma, ya ce daga Alhaji Sani, an ce a ba yaron. Muka kwance. Ƙyaure ɗaya ne na tagata ta Jarwal. Na gane shi tun kafin a gama kaɗe ƙurar, ga tabon da ɗayanku ya yi masa da cokali. Ashe washegarin rusau Yaya ya koma shi kaɗai, ya tone shi daga cikin tarkace, ya ɓoye a saman soronsa duk shekarun nan, ko ƙaninsa bai gaya wa ba. Gindinsa ya karye, sauran lafiya lau.

Bashir ya gyara shi a nan tsakar gida, da gizagon. Ya cire abin da ya mutu kaɗai, ya sa sabon katako, ya ƙi shafa masa launi. Na aika wa Yaya cewa an gama, ya zo ya gani. Ya aiko da cewa insha Allah. Kafin insha Allahun ta cika, ciwo ya kwantar da shi, muka yi masa salla a Harami.

Ƙyauren shi ne wanda kuke gani a bangon ɗakina, wanda jikokina ke tura yatsa a ramukansa. In kun zo, ku duba ƙasa-ƙasa, za ku ga inda baƙin katako ya haɗu da fari. Daga nan zuwa sama aikin mahaifinku ne, daga nan zuwa ƙasa na Bashir, wanda ya tono shi daga ƙura kuwa baffanku ne. Duk wanda zai ba da labarin gizagon nan bayan raina, ya ba da shi da sunan mutum ukun nan. Matashin Yaya kuma ku bar shi inda yake ranar Juma'a, ni nake ajiye shi, ba mantuwa ba ce.